Ƙaiƙayin Ɗari Da Maganinsa A Jakar Falke

 Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba har wajen tsakiyar Maris, akwai wani baƙo da ke bin mu kasuwa-kasuwa, ba ya biyan kuɗin mota, duwan kuma ba ta tambayarsa takarda, watau ƙaiƙayi. Shiga kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ko ta Maigatari ran Alhamis da sanyin safiya ka lura da kyau. Za ka ga dattijo da rawaninsa yana taya sa, hannu guda bisa tozo, ɗayan kuwa yana cikin riga yana aikin susa. Za ka ga yaran mota ƙwaurinsu fari fat kamar an barbaɗa musu toka, in sun ja farce a kai sai ya bar layi. Ga leɓe a fashe, ga kaushi, ga faso a diddige, har mutum ya riƙa taka ƙasa a ɗage kamar mai tafiya cikin ƙaya.

Da yawanmu ba mu ɗauki abin a bakin komai ba, wasu ma gani suke shafa mai aikin mata ne da yara. To amma a yi lissafi. Wanda ya kwana yana susa bai yi barci ba, gobe kuma shi ne zai zauna bisa katakon kamyo yana tsaro kada wani sa ya kwanta a tattake shi. Wanda faso ya tsaga wa ƙafa ba zai iya koro garke daga mashaya zuwa bakin iyaka ba, sai dai ya biya wani. Sa'an nan kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: fatar da ta fashe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, mu kuwa yini muke cikin kashin shanu da jini da fatu.

Bari mu fara da sanin mafarin abin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara. Ƙurar nan da ke rufe rana, babban kasonta yana fitowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi, wajen Faya, inda ruwan tsohon babban tafkin Cadi ya taɓa kwanciya a zamanin da can. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tada ƙura. Wannan iska a bushe take ƙayau. A watan Agusta laimar iska a Maraɗi ko Damagaram takan kai wajen kashi 70 cikin 100, amma da tsakar rana a watan Janairu ko Fabrairu sai ta faɗi ƙasa da kashi 15. Iskar da ke busar da wanki kafin ka gama shan shayi, ita ce dai ke zuƙe ruwan jikinka.

Fatar ɗan Adam tana da wani ɓawo a sama, siriri ƙwarai, a yawancin jiki bai kai kaurin takarda ba. Gininsa kamar na katanga ne: matattun ƙwayoyin fata su ne tubala, maiƙon da jiki ke yi shi ne lakar da ke tsakaninsu. Muddin lakar nan tana nan, ruwa na zaune a ciki. In ruwan da ke cikin ɓawon ya ragu ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai ya ƙage, ya yi tsagu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ƙura da sabulu su shiga ta nan, su taɓo jijiyoyi, ka ji ƙaiƙayi. Ka sosa, farce ya ƙara buɗe tsagun, ƙaiƙayin ya ƙaru. Mu dai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowa ya san ƙirgi, in ka lanƙwasa shi tsagewa yake yi, kuma kowa ya san abin da majemi ke shafa wa fata ta yi laushi.

Abin da ya sa ɗari ya fi cin mu bisa ga mai zaman kanti a fili yake. Tafiyar kilomita dubu ce da wani abu daga bakin iyaka zuwa Legas, a saman mota, iska na dukan fuska dare da rana. Ga igiya tana cin tafin hannu, ga kanwa da gishirin da muke fasa wa shanu. Ga wankan tasha da duk sabulun da hannu ya kai gare shi. Dattawa kuma sun fi shan wahala, don in shekaru suka ja, maiƙon fata raguwa yake yi.

To magani na farko ba ya bukatar ko dala, a wurin wanka yake. Ruwan zafi ƙwarai yana da daɗi da asubar ɗari, har mutum ya ji kamar ana sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, amma ku tuna da me mata ke wanke ƙwaryar man shanu. Yadda ruwan zafi ke narkar da maiƙon ƙwarya, haka yake kwashe na fata, shi ya sa bayan sa'a guda ƙaiƙayin ke dawowa ya fi na da. A surka ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanka sau ɗaya a yini, kada ya wuce minti 5 zuwa 10. Sabulu a kai shi inda ake bukatarsa, watau hammata, matsematsi, hannuwa da ƙafafu. Ƙwauri da baya da damatsa ruwa kaɗai ya ishe su a yawancin kwanaki, sai fa ranar da aka yi lodi jiki ya ɓaci da kashi.

Omo da sabulun wanki na tufa ne, an yi su ne don su cire maiƙo ƙarƙaf, kada a yi wanka da su. Ita fata lafiyayya tana da ɗan tsami-tsami, sabulu kuwa dangin kanwa ne, gwargwadon kaifinsa gwargwadon ɓarnarsa. Ko sabulun salo da muke yabo, da toka ake yin sa, saboda haka wani yana da cizo. A nemi mai laushi wanda aka cika wa man kaɗe. Sabulun magani mai ƙarfin wari da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa a bokiti ba sa maganin wannan ƙaiƙayi, ƙara busar da fata suke yi, haka ma jefa kanwa a ruwan wanka. Soson roba kuma a sassauta masa. Farin nan da ke kan ƙwauri ba dauɗa ba ce, ɓawon fata ne ya ɗago, dirza ba ta fid da shi.

Magani na biyu shi ne mai, amma a nan ne mutane da yawa ke kuskure lokaci. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, murfi ne kawai. Ai ba a rufe tulu sai an zuba ruwa a ciki. Saboda haka da ka fito wanka, ka ɗan daddana jiki da tawul ko gyale ba tare da gogewa ba, sa'an nan cikin minti 3, tun jiki na da sauran lema, ka shafe shi da mai tun daga wuya har tafin ƙafa. Wanda ya bari sai ya sa tufa, ya sha iska, ya ga ya yi fari sa'an nan ya laƙaba mai, ƙyalli kawai zai samu. A sake shafawa da dare kafin a kwanta, ko da ba a yi wanka ba, a ɗan jiƙa wurin da ruwa tukuna.

Wane mai? A ganina babu kamar man kaɗe, wanda wasu ke ce wa man kaɗanya. Yana da kauri, yana daɗewa a jiki, ɗumin tafin hannu ya isa ya narkar da shi, kuma a lokacin ɗari daskarewa yake yi, ba zai tsiyaye maka cikin jaka ya ɓata takardun shanu ba. Masu bin hanyar Gaya da Malanbil, da masu zuwa Gana ta Tamale, suna ratsa ƙasar kaɗanya ne, can ya fi araha kuma ya fi kyau. A sayi curi guda a zuba a gwangwani mai murfi tun kafin a tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya soma warin tsami ya lalace, a bar shi.

Man shanu kuwa namu ne, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sai dai a yi amfani da soyayye. Ɗanye yana da sauran ruwa da nono a cikinsa, yana saurin yin wari, yana kuma gayyato ƙuda da kiyashi. Ko soyayyen ma ya fi dacewa da ƙafa da ƙwauri da dare, don ba kowane abokin ciniki ne zai so zama kusa da kai ba. Man gyaɗa da man riɗi suna yi, ga su kuma a kowace kasuwa, illa dai sun fi ruwa-ruwa, sai an maimaita. Masu sauka kurmi su riƙo man kwakwa: a shekarar 2004 likitocin fata a ƙasar Filifin sun gwada shi a kan masu bushewar fata, suka tarar aikinsa bai gaza na man kanti da ake tacewa daga fetur ba. Man zaitun fa? Abinci ne mai albarka, ba musu. Amma a 2013 masu bincike a Shafil ta Ingila sun sa mutane shafa shi a hannu kullum har makonni, suka ga ya raunana katangar nan ta fata, har wasu wurin ya yi ja. Ga tsada kuma. Gara a zuba shi a abinci, a bar wa man kaɗe aikin fata.

Wani zai ce, to basilin fa, ai ba na gargajiya ba ne. Gaskiya ne, daga man fetur ake tace shi. Amma wajen toshe ruwa kada ya fita, da wuya a sami abin da ya fi shi, kuma fari marar turare ba ya cizo. Ni ban ga dalilin ƙin sa ba, musamman ga leɓe da diddige da bakin hanci, inda bushewa ke jawo haɓo. Mayukan da ke da ƙamshi mai ƙarfi su ne abin gudu, don turaren kansa yana tada ƙaiƙayi a fatar da ta riga ta tsage. Kowane mai ne sabo gare ka, fara gwada shi a cikin damtse kwana biyu, in wurin ya yi ja ko ƙuraje, ba naka ba ne.

Akwai maganar alwala. Sau biyar a yini ruwan sanyi yana taɓa hannu da fuska da ƙafa, iska ta busar, kuma wannan jiƙa-bushe ɗin shi ke fasa bayan hannu. A riƙe ɗan ƙyalle a tsane ruwan, a shafa mai kaɗan nan take. Malamai sun yi bayani cewa man da ya narke ya bi jiki ba ya hana ruwan alwala isa ga fata, wanda ya daskare ya yi kauri ne ake gogewa tukuna.

Shi faso aikin dare yake so. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10 zuwa 15, a goge kaushin da dutse sannu a hankali, a cika tsagun da man kaɗe ko basilin, a sa safar auduga a kwana da ita. A yi haka kullum har mako guda a ga bambanci. Kada a yanke kaushi da reza, kada kuma a ɗiga narkakken kyandir ko kitse mai zafi a ciki, ƙuna ce kawai a kan ciwo. Da rana a sa rufaffen takalmi, silifa ita ce uwar faso. Mai ciwon suga kuwa, in ƙafarsa ta tsage ko kaɗan, ya tafi gidan likita, domin irin wannan ƙaramin miki ne ke kai wasu ga yanke ƙafa.

Tufa ma tana da nata. Rigar sanyi ta gashi ko ta roba in ta taɓa fata kai tsaye tana tada ƙaiƙayi, a sa ta auduga daga ciki. Ta bosho a wanke ta a shanya a rana kafin a sa, a kuma ɗauraye sabulu sosai. Wanda zai hau saman mota ya yi koyi da Buzaye, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ba don ado suke yi ba. Wajen jin ɗumi a ja baya da wuta. Masu kafa ƙwauri a bakin garwashi dare duka su ne ke tashi da zane-zanen baƙi a ƙafa, ban da bushewa. A kuma lura, tufar da ta sha mai saurin kama wuta gare ta.

In ƙaiƙayi ya taso tsakar dare, a jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi a ɗora minti kaɗan, ko a bubbuga wurin da tafin hannu, sa'an nan a shafa mai. A yanke farce. Shan ruwa da yawa yana da kyau ga matafiyi, amma kada a ce shi kaɗai zai warkar da fata, ruwan ta sama yake tserewa. In kuma mota ta ƙetare Kwara a Jaba ko Lakwaja aka shiga laimar kurmi, a rage mai, in ba haka ba zufa ta toshe, ƙurajen zafi su fito. A dawo da shi ranar komowa arewa.

Yanzu ga abin da ba a shafawa ko da ƙaiƙayi zai kashe mutum: baƙin mai na inji, kananzir, da maganin kaska na shanu. Shi maganin kaska guba ne, yana ratsa fata ya shiga jini, ya fi sauri ma in fatar a fashe take. Haka kuma ƙananan mayukan nan na tubu da ake tallarsu a tasha, da na sa fari, da yawansu suna ɗauke da magani mai ƙarfi wanda ke kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma in an daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri, makero kuma ya bazu a ƙarƙashinsa.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana, ba kowane ƙaiƙayi ne na ɗari ba. Na ɗari yana kama ƙwauri, damatsa da baya, fata ta yi fari, kuma in an gyara wanka an dage da mai, cikin mako biyu yakan lafa. In bai lafa ba, a duba wani abu.

In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da al'aura, kuma abokan kwana a masauki ko iyali a gida su ma suna susa, to ƙazuwa ce. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa rami a fata, kuma lokacin ɗari da ake cunkushewa a ɗaki ɗaya ana haɗa bargo shi ne kakarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 200 ne ke fama da ita. Man kaɗe ba ya kashe ƙwaron. Akwai maganin shafawa a gidan likita, kuma sai duk mutanen ɗakin sun yi rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako guda. Na san wasu za su ce ai ga ibamektin a jakar maganin shanu. Kul! An auna ta ne don sa, ba don mutum ba. Ko irin ta mutane ma, wanda ya saba zama a kurmin Kamaru ya gaya wa lokotoro kafin ya sha, don can akwai wata tsutsar jini mai bi ta ido wadda in ta yi yawa a jiki, maganin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. In ba a ga ƙuraje a yatsu ba, a duba ɗinkin riga ko akwai kwarkwata, a ɗaga tabarma ko akwai kuɗin cizo.

In kuwa tabo ne zagayayye kamar kwabo, bakinsa a ɗage, a damtse ko wuya ko cikin gemu, to makero ne, kuma sau da yawa daga maruƙa ake ɗaukarsa, waɗannan masu toka-tokan tabo a gefen ido da wuya. Yana da nasa magani dabam, na cikin gemu ma sai an haɗa da na sha. Ƙaiƙayin duk jiki ba tare da ƙurji ba, tare da ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko yawan ƙishirwa da rama, wannan daga ciki yake, hanta ce ko ƙoda ko suga, sai an auna jini. Yaran mota masu shan taramol su ma su sani, ƙwayar da kanta tana sa susa.

Wanda ya fi duka haɗari gare mu shi ne saifa, cutar da malaman dabbobi ke kira antaraks. Ta ɓulla a arewacin Gana a watan Yuni na 2023, ta kuma bayyana a wata gona a Suleja ta Najeriya a watan Yuli na 2023, duka a kan hanyoyin da muke bi. A jikin mutum da ƙaiƙayi take farawa, ɗan ƙurji kamar cizon sauro a hannu, wuya ko fuska, kwana 1 zuwa 7 bayan an taɓa dabbar da ta kamu, ko jininta, ko fatarta. Sa'an nan ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, gefensa ya kumbura, kuma abin mamaki ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. In ba a yi magani ba, tana iya kashe mutum ɗaya cikin biyar, in kuwa an je da wuri, kusan kowa na warkewa. Ta tsagar fata take shiga, irin wadda ɗari da igiya ke yi mana. Saboda haka sa ko saniyar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe, kada a sayi fatarta komai arha, a kira malaman dabbobi. Wanda kuma ya ga irin wannan ƙurji a jikinsa, kada ya tsaya shafa mai, kada ya jira sai an sayar da kaya. Ya shiga gidan likita mafi kusa, ko a wace ƙasa yake, ya gaya wa lokotoro sana'arsa tun kafin a tambaye shi, da kasuwar da ya fito, da ranar da ya taɓa dabbar.